Duwatsun Awon Zinariya na Akan: Ma'auni Ne ko Rubutu?

Ƙananan siffofin tagulla da al'ummar Akan ta Ghana da Kwaddibuwa suka riƙa auna garin zinariya da su, tun daga wajen 1400 har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, sun cika gidajen tarihi. Masu su suna kiransu abrammuo. Ga yadda aikin Garrard (1980) ya bayyana asalinsu: fataken Wangarawa ne suka kawo awon miskali kasuwanni irin su Begho, daga baya aka ƙara da ma'aunan Turawan gaɓar teku.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne ma'anarsu. Masanin nan na Kwaddibuwa, Georges Niangoran-Bouah, ya ɗauke su a matsayin rumbun ilimin Akan, har yana ganin zane-zanen da ke jikin na farko-farkon wani nau'in rubutu ne. Ra'ayin yana da madogara, kuma an san abin da ya zaburar da shi, wato raddi ga masu cewa Afirka ba ta da abin karantawa. Masani Rattray ma, tun 1923, ya nuna wasu siffofin suna tafiya da karin magana, kamar kadoji biyu masu ciki ɗaya da ke faɗa kan abinci.

Sai dai da wuya hujjar ta kai inda aka ja ta. Zane iri ɗaya yakan fito a kan duwatsu masu nauyi daban-daban, ga shi kuma karin magana ɗaya ba ya maƙale wa siffa ɗaya a kowane gari. Abin da ya fi ƙarfi ma yana jikin kayan. Duk wanda ya juya dutsen ya dubi bayansa zai iya tarar da ɗigon dalma da aka cusa a wani lungu, ko ƙafar tsuntsu da aka gutsure, ko gefen da magagari ya ci. Maƙeri ya yarda ya ɓata siffa domin nauyi ya daidaita. Akwai kuma waɗanda aka zuba kai tsaye daga ƙwaro ko kwanson gyaɗa, aka lulluɓe shi da yumɓu, wuta ta cinye shi, tagulla ta maye gurbinsa.

Wannan bai kore ma'ana daga siffofin ba. Iyakar abin da shaida ta ba da dama a faɗa shi ne awo ne ya zo farko. Abin takaicin shi ne yadda ake baje su: a zaɓi masu siffar mutum da dabba a jera bayan gilashi, a raba su da sikeli da cokali da akwatin garin zinariya da suke zaune tare a jakar futuo, sau da yawa ba tare da an rubuta nauyinsu ba. Alhali nauyin nan, da alamar gyara, su ke taimakawa a bambance dutsen da ya yi aiki a kasuwar Kumasi da wanda aka ƙera wa Turawa masu sayen tsaraba bayan an daina ciniki da garin zinariya.