Matse-data

matse-data (suna, namiji, ba shi da jam'i) Dabarar da wasu manhajojin shiga intanet ke bi don shafi ya buɗe da wuri idan sabis ya yi rauni. Shafin kan fara biyawa ta manyan kwamfutocin kamfanin da ya yi manhajar, su rage nauyin hotuna, su zubar da tarkace, sannan ya iso waya. Opera Mini, wadda ta fito daga Norway ta bazu duniya a 2006, da wannan ta yi suna. Matse-data ba ya ƙara wa sabis ƙarfi, hoto ma yakan dusashe. Amma in waya ta koma kan E, alamar sabis mai rauni, yana fitar da mutum kunya. Misali: "Yaya, kunna matse-data mu duba sakamakon jarabawar ƙanwata."