Ɗakin Ƙasa, Ɗakin Kwano da Hawan Jini a Madarunfa

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta sauko kwarin Gulbin Maraɗi, sanyin asuba yakan yi ƙasa da digiri 15. Mutanen Madarunfa da ƙauyukan bakin tafki sun daɗe da sanin wannan ɗari, kuma maginansu na dā sun yi masa tanadi. Sukan tā da bango mai kauri da tubali, su shimfiɗa azarar giginya su rufe da ƙasa, ko su ɗora jinka, su bar ƙofa ƙarama. Irin wannan bango yakan yini yana shan zafin rana, dare ya yi ya riƙa sakinsa sannu a hankali har gari ya waye.

Sauyi ya zo ne a ƙarni na 20. Bayan ambaliyar 1945, wadda ta rushe tsohon garin Maraɗi, Faransawa suka mai da birnin kan tudu. Kuɗin gyaɗa suka kawo kwano, masana'antar Malbaza ta soma fitar da siminti a shekarun 1960, farin 1973 da na 1984 kuma suka ƙara wa itacen gini tsada. Sannu a hankali sabon salon ya bazu zuwa garuruwan kewaye, har da Madarunfa. Kwano yana da ranarsa: ya raba maigida da yaɓen shekara-shekara da fargabar ruftawar soro da damina. Sai dai ba ya riƙe ɗumi, don haka sanyin waje yakan iske mai barci har kan tabarmarsa.

Abin ya wuce batun jin daɗi. A 1961 likitan Ingila Geoffrey Rose ya nuna cewa awon jinin mutane ya fi hawa a lokacin sanyi. Dalili kuwa shi ne, sanyi yana matse jijiyoyin jini, zuciya ta ƙara ƙarfin bugawa. Wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2019, ya gano cewa idan ɗumin ɗaki ya ragu da digiri 10 da safe, lambar sama ta awon jini takan hau da kimanin maki 8, kuma abin ya fi tsanani ga tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2018, ta ba ƙasashe masu sanyi shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18. Dattijo mai hawan jini da ke tashi sallar asuba a ɗakin kwano marar sili, ya yi alwala da ruwan randa, yana cikin waɗanda wannan gargaɗi ya shafa.

Gyaran bai fi ƙarfin talaka ba: a ɗaura tabarma ko zana ƙarƙashin kwano, a toshe kafofin iska, a ɗumama wa tsofaffi ruwa, a kai su awon jini da hunturu. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne, domin hayaƙinsa marar wari yana kisa. Tun 1980 aka soma koyar da gini ba katako a Nijar, wato rufin ƙasa zalla mai siffar tulluwa, wanda ke riƙe ɗumi ba tare da an sare giginya ba. Maginin da ya gāji tubali, aikinsa bai ƙare ba.