Daga Tangarahu Zuwa Rauta: Abin da Ya Sa Intanet ke Nauyi a Ƙofar 'Yandaka

Duk wanda ya ajiye na'urar intanet a gidansa a unguwannin da ke kewaye da Ƙofar 'Yandaka ya san wannan hali. Da asuba shafi kan buɗe kamar ƙiftawar ido. Bayan sallar isha'i kuwa, na'urar ita ce dai, layin shi ne, data ba ta ƙare ba, amma sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa a fuskar waya har mutum ya gaji. Mai gida ya kashe rauta ya kunna, ya zare layi ya goga a jikin riga ya mayar, ya tuhumi yara da cinye data. Ɗalibar da ke son cike takardar jarrabawa ta haƙura sai gobe, mai shagon da ke jiran shigowar kuɗi ya riƙe kaya ya riƙe mai saye.

Ba kasafai laifin yake cikin ɗakin ba. Abin da ake kira intanet ɗin gida a birnin Katsina, a mafi yawan gidaje, ba ta igiya yake shigowa ba. Ta iska yake zuwa daga turken sadarwa mafi kusa, turken da wayoyin hannu na dukan unguwa suke sha daga gare shi. Dalilin da ya sa abin ya kasance haka ya girmi rauta da fiye da shekara 100.

Ƙofar 'Yandaka tana kallon yamma, wajen ƙasar Batsari da Ruma. Tarihin da Katsinawa suka riƙe ya nuna ta nan Lugga ya shigo birnin a 1903, zamanin Sarki Abubakar, bayan faɗuwar Sakkwato. Kafin wannan rana, saurin labari bai wuce saurin doki ko ƙafar manzo ba. Wasiƙar sarki a jakar fata take tafiya, labarin kasuwa kuma a bakin fatake. Turawan da suka shigo sun zo da wani abu daban a bayansu. Tun 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar ƙarƙashin teku, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare an ja tangarahu daga Legas zuwa Jebba da Lakwaja. A shekarun farko na mulkin mallaka aka ci gaba da kafa turaku ana jan ta zuwa Zungeru, Zariya da Kano.

Daga nan Hausa ta sami kalmar waya. Asalinta zaren ƙarfen nan ne da ke rataye bisa turaku, shi ya sa ake cewa gidan waya, ake kuma cewa an buga waya. Abin dariya shi ne yau sunan ya koma kan abin da ke cikin aljihu, wanda ba shi da zare ko ɗaya.

Ba domin talakawa su gaisa aka ja wannan waya ba. An ja ta ne domin Razdan ya ji daga Gwamna, Gwamna ya ji daga Landan. Saboda haka ta tashi daga bakin teku ta bi ofisoshin mulki da barikokin soja, daga baya ta bi layin dogo. A nan Katsina ta fara yin rashi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda, wani ya tashi daga Kano ya nufi Nguru. Birnin Dikko ya zauna a tsakiya, dogo bai taɓa shi ba. Sai a 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi. Garin da babbar hanya ta kauce masa, reshe ake miƙo masa, kuma reshe a kullum ya fi uwa siranta.

Lokacin da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne a ƙasar baki ɗaya. Ma'aikatar gidan waya da tangarahu ce ke kula da na cikin gida, daga baya wani kamfani mai suna NET ya riƙe na ƙasashen waje. A 1985 aka haɗe sassan biyu aka kafa NITEL. Shekara biyu bayan haka, ranar 23 ga Satumban 1987, Katsina ta zama babban birnin jiha, ma'aikatu suka ƙaru, buƙatar tarho ta ƙaru. Lambar birnin a lokacin ita ce 065, ta Kano 064, kuma dattawa da yawa har yau suna iya karanto lambar gidan wani attajiri ko ofishin wani babban ma'aikaci da ka, don a nan ake zuwa a jira kiran ɗa ko ɗan'uwa da ke Legas ko Saudiyya. Wayar girke ta zama kayan ɗan wane da wane. Mai neman layi ya cike takarda ya jira watanni, wani lokaci shekaru. Zuwa 2001, layukan da ke aiki a duk ƙasar ba su wuce 400,000 da wani abu ba, ga mutane fiye da miliyan 100.

Wannan adadi shi ne mabuɗin maganar. A Ingila da Faransa da Amurka, sa'ad da intanet mai sauri ta zo a wajajen shekarar 2000, ta tarar kusan kowane gida yana da zaren tagulla na tarho da ya shigo har cikin falo. Sai aka ɗora ta a kansa. Kowane gida da igiyarsa, kuma daga baya aka riƙa zare tagullar ana maye gurbinta da fayiba, wato zaren gilashi mai ɗauke da saƙo ta hanyar haske. Ramukan da aka haƙa da turakun da aka kafa tun zamanin kakanni suka yi wa jikoki amfani. A lungunan Katsina babu wannan gado. Shi ya sa yawancin shawarwarin gyaran intanet da aka rubuta a waɗancan ƙasashe, a duba soket ɗin bango, a kira injiniya ya gwada igiya, ba su da wurin zama a nan. Babu igiyar da za a gwada.

Abin da ya zo a maimakonta shi ne salula. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992, ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowanne. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Layi kaɗai ya kai naira 20,000 ko fiye, minti ɗaya naira 50, ko da kalma biyu mutum ya faɗa. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Econet ya yi ta sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010. Masu lema da teburi suka cika bakin tasha da ƙofofin gari suna sayar da kira, sannan araha ta kashe sana'ar tasu. NITEL kuwa ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har aka sayar da kadarorinta, zaren tagullarta ya ruɓe a ƙasa ko ɓarayi suka kwashe. Zuwa 2022 layukan salula sun haura miliyan 200, amma masu intanet ta igiya a gida ba su kai mutum ɗaya cikin 100 ba.

An sha yabon wannan tsallake, ana cewa Afirka ta haye zamanin tagulla ta dira a zamanin iska. Gaskiya ne, kuma alherinsa ba ya ƙirguwa. Amma tsallaken yana da kuɗinsa, kuma bayan isha'i ake biya.

Turken sadarwa kamar rijiyar unguwa yake. Ruwan da yake iya bayarwa a lokaci guda yana da iyaka, kuma duk mai waya ko rauta da ke ƙarƙashinsa guga ne. Da asuba gugan kaɗan ne, kowa ya cika. Da dare, lokacin da kasuwa ta tashi, majalisu suka cika, kowa ya buɗe TikTok ko YouTube ko kiran bidiyo, sai a raba ruwan ɗaya ga ɗaruruwan mutane. Sandunan sabis da ke saman waya na iya nuna a cike, domin ƙarfin muryar turken kawai suke aunawa, ba yawan masu layi a bakinsa ba. Unguwanni masu cunkoso irin na cikin ganuwa da bakin ƙofofi su suka fi jin wannan a jika.

Shi kansa turken ba daga sama yake samun ruwan ba. Dole a haɗa shi da babbar hanya, ko ta fayiba ko ta faranti mai harba saƙo zuwa wani turken. Babbar hanyar kuma, kamar tangarahun Lugga, daga bakin teku take tasowa. SAT-3 ta sauka Legas a farkon shekarun 2000, Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano ta kamfanin Google a 2022. A gaɓar Legas intanet ta yi yawa har ta fi ƙarfin buƙata. Kawo ta Katsina, tafiyar fiye da kilomita 1,000, shi ne aikin. A da, kowace jiha da zaren zai ratsa tana karɓar kuɗin haƙa rami a kan kowace mita, wasu har dubban naira. A 2020 aka matsa wa gwamnoni su tsaya a naira 145, kuma Katsina na cikin jihohin farko da suka amince. Bayan kuɗi akwai katafila. Duk inda ake faɗaɗa titi ko haƙa magudanar ruwa, zaren da ke kwance a gefe yana cikin haɗari, kuma yankewa ɗaya a tsakanin Kaduna da Kano tana iya rage wa Katsina numfashi na yini guda. Sannan ga wuta: yawancin turakun da janareta da batir suke rayuwa, don haka farashin man dizal yana cikin farashin data. Yana daga cikin hujjojin da kamfanoni suka kafa har NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Sau biyu a 'yan shekarun nan Katsinawa suka ga tsawon wannan sarƙa da idonsu. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka kashe sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Batsari, Jibiya, Safana, Kurfi da Dutsin-ma. Birnin bai shiga ciki ba, sai ya zama wurin da mutanen yamma ke shigowa da wayoyinsu a hannu domin su kira ɗan'uwa, su karɓi kuɗi, su ji ko wane yana raye. Sai a watan Disamba aka fara mayar da sabis ɗin. Na biyun ya faru ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, lokacin da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya tsaya gaban mai POS a Katsina kuɗinsa sun ƙi fita.

To mene ne ya rage a hannun mai gida? Akwai, kuma ba kaɗan ba ne, in dai ya fara da rarrabe ciwon ɗaki da ciwon gari. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a auna saurin intanet bayan sallar asuba, a sake aunawa da ƙarfe tara na dare, a wuri ɗaya da na'ura ɗaya. Idan da asuba yana gudu, da dare ya zama tafiyar hawainiya, cunkoson turke ne, sayen sabuwar rauta ba zai yi magani ba. Sai dai a gwada layin wani kamfani, domin kowanne da yawan mutanensa a kowace unguwa. Layin da ya yi suna a Ƙofar Ƙaura yana iya zama kurma a Ƙofar 'Yandaka, shi ya sa tambayar maƙwabci na jikin katanga ta fi tallan rediyo amfani kafin a yi rijistar layi da lambar NIN a zuba masa kuɗin wata.

Idan kuwa da asuba ma nauyin yana nan, sai a dubi gidan. Ginin Hausa, da zaure a gaba, da tsakar gida, da ɗakuna a ƙurya, an tsara shi ne domin ya tare ido da zafi, kuma yana tare sabis da irin wannan ƙwazo. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye shi, rufin kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da shi baya. Rautar da aka ajiye a ƙasa bayan talabijin a ɗakin ƙurya an riga an shaƙe ta. Wurinta sama ne, kusa da tagar da ke fuskantar turke, inda iska ke ratsawa, domin zafin bazara da ke haura digiri 40 yana sa ta yi sanyin jiki ko ta riƙa mutuwa tana tashi. Yawancin rautoci suna watsa sabis a zango biyu: mai lamba 2.4 ya fi ratsa bango ya kai nesa, mai lamba 5 ya fi sauri amma ba ya nisa. Sai a ƙirga wayoyin da ke kanta, domin lambar sirrin da aka ba yaro ɗaya takan zaga layi guda kafin sati. A kuma karanta sharaɗin tsarin da aka saya. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira marasa iyaka suna da iyakar da in an kai ta, kamfani ke rage gudu har ƙarshen wata.

Masu hali sun sami wata ƙofa tun Janairun 2023, lokacin da Starlink ya fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Farantinsa da tauraron ɗan'adam yake magana kai tsaye, bai damu da ramin gefen titi ba, amma kuɗin kayansa ɗaruruwan dubban naira ne, ban da na wata-wata da wutar da zai ci. Gwamnatin tarayya kuma ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Zaren da ake da shi yanzu yakan bi manyan tituna ya kai ga turaku, bankuna da ma'aikatu. Daga bakin kwalta zuwa zauren gidan da ke cikin lungu, 'yan mitoci ɗari ne kawai, kuma su ne tazarar da tangarahu bai rufe ba, NITEL ma ba ta rufe ba.