Adana zaren saƙa da ƙarasa aikin da aka ajiye

A unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni na birnin Kano, saƙar kwarashi da ta allura na cikin sana'o'in da mata ke yi a cikin gida. Hula da safa da rigar sanyi ta jariri, suwaitar 'yan makaranta, shimfiɗar tebur da jakar hannu, duk daga hannunsu suke fitowa. Sai dai kusan kowace mai saƙa tana da leda guda cike da guntayen zare, da wata mai ɗauke da rigar da aka fara bara ba a sa mata hannu ba. Wannan tarin jari ne da ke kwance, kuma idan aikin na mai oda ne, amana ce da ba a sauke ba.

Sanin irin zaren

Abin da ake kira ulu a kasuwannin Sabon Gari da Kantin Kwari galibi akirilik ne, wato zaren roba da kamfanin DuPont na Amurka ya fara samarwa a 1941, ya shiga kasuwa wajen 1950. Ulu na ainihi gashin tumaki ne. Na uku shi ne zaren auduga. Idan takardar zare ta ɓace, ana bambance su da ashana: a yanki ɗan gajere a ƙona shi a kan faranti. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin toka mai murƙushewa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Akirilik kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Amfanin wannan sani shi ne kada a haɗa iri biyu a riga ɗaya, domin a wanki ɗaya zai iya tsukewa ɗayan yana nan yadda yake.

Takardar da ke jikin dunƙule

Kowane dunƙule yana zuwa da takarda mai nuna nauyinsa, yawanci giram 50 ko 100, da tsawonsa a mita, da lambar launi, da lambar rini. Ta ƙarshen ce aka fi mantawa da ita. Zare biyu masu launi ɗaya da aka rina a lokuta daban sukan ɗan sha bamban, kuma bambancin ba ya fitowa sai an saƙa su gefe da gefe an fita rana. Saboda haka a sayi abin da zai ishi aiki gaba ɗaya, a ƙara dunƙule guda na ko-ta-kwana, a kuma ajiye takardar tare da ragowar. Idan ya zama dole a ƙarasa da wani rinin, a riƙa musanya tsoho da sabo bayan kowane layi biyu har bambancin ya saje.

Ajiya tsakanin hunturu da damina

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce abokiyar gaba. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa danshi ne, wanda ke sa auduga ta yi funfuna. Bokitin roba mai murfi ya fi kwali, domin kwali yana jan danshi, yana kuma kiran gara da kyankyaso. A ɗora shi bisa wani abu, nesa da taga, tunda rana tana kashe launi. Kada a rufe zare yana da laima. Asu ulu na ainihi yake ci, bai cika damuwa da akirilik ba, don haka ulun a ware shi cikin leda mai zif.

Wajibi ne a kiyaye da kafur. Irin wanda ake sayarwa ƙwaya-ƙwaya don korar ƙwari yakan ƙunshi sinadarin naftalin, wanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, ya jawo musu shawara mai tsanani. Wannan ƙaranci ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma ba a gane shi da ido. Zaren da za a yi wa jariri kaya kada ya kwana wuri ɗaya da kafur.

Lissafi da sikeli

Ƙaramin sikelin girki yana amsa tambayar da ke hana a ƙarasa aiki: shin ragowar zai isa? Idan an gama hannun riga ɗaya ya auna giram 30, ɗayan ma giram 30 yake buƙata. Idan takarda ta ce giram 100 mita 250 ne, to guntun da ya auna giram 20 mita 50 ne. A rubuta launi da nauyi da lamba a ɗan littafi, a tafi da shi kasuwa, don kada a sake sayen abin da ke gida.

Ayyukan da aka bari rabi

A fito da su duka a raba gida uku. Na farko, wanda aka karɓi kafin alƙalami a kansa: shi ne gaba, kuma idan ba zai yiwu ba a sanar da mai shi a mayar masa da kuɗinsa. Kayan jariri ba sa jira, domin suna ranar bakwai ne, yaro kuma yana girma. Hular da aka makara da ita wata biyu ta zama ta wani. Na biyu, wanda ya rage kaɗan, kamar ɗinke gefe ko sa maɓalli: a ba shi yini guda. Na uku, wanda aka yi kuskuren awo ko ya fita daga rai: a warware shi. Zaren da aka warware yakan yi lanƙwasa. A naɗe shi a bayan kujera, a ɗaure, a jiƙa da ruwa, a shanya a inuwa, sannan a dunƙule shi sako-sako. Kada a ɗora dutsen guga a kan akirilik, narkewa zai yi.

Duk aikin da za a ajiye, a sa shi a jakarsa tare da zarensa da takarda mai nuna lambar kwarashi, layin da aka tsaya, awon mai shi da ranar alkawari. Canza girman kwarashi a tsakiya yana sa rabin riga ya fi rabi faɗi.

Guntaye ba shara ba ne. Ana saƙa su murabba'i-murabba'i a haɗa bargo, ko a yi takalmin jariri, ko a bai wa 'yan koyo. Masu sana'ar da suka daɗe sukan fara kayan sanyi tun watan Satumba, ba sa kuma riƙe aiki fiye da biyu a lokaci guda. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.