Riketsiya: zazzaɓin da ake ɗauka maleriya ne

A yawancin ƙasashen Afirka, da zarar babban mutum ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, akan ce maleriya ce, idan kuma magani bai yi aiki ba, sai a koma kan taifot. Sai dai akwai wasu ƙwayoyin cuta da ake kira riketsiya, waɗanda kan haddasa irin wannan zazzaɓi, kuma ba kasafai ake tunawa da su ba.

Wani bincike da aka gudanar a asibitoci biyu na garin Moshi da ke arewacin Tanzaniya, tsakanin 2007 da 2008, ya nuna girman matsalar. Cikin majinyata 870 da aka kwantar saboda zazzaɓi, kimanin kashi 60 cikin 100 an yi musu hukuncin maleriya, alhali waɗanda gwaji ya tabbatar suna da ita ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Riketsiya na cikin cututtukan da aka gano a jinin sauran.

Yadda ake kamuwa

Riketsiya nau'in bakteriya ce, kuma ƙwari masu shan jini ne ke yaɗa ta. An sa mata sunan Howard Ricketts, likitan Amurka wanda cutar da yake nazari ta hallaka shi a birnin Meksiko a 1910.

Kwarkwatar tufafi ce ke yaɗa nau'in da ke yawan kisa, wato taifus, wanda kan ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira da gidajen kurkuku, kamar yadda ya faru a Burundi a 1997. Sunan ya yi kama da taifot, amma cututtuka ne dabam. Ƙumar ɓeraye na yaɗa wani nau'in mai sauƙi.

A yankunan kiwo kuwa, kaskar shanu ce babbar hanya, don haka makiyaya da manoma da masu harkar dabbobi suka fi fuskantar haɗari.

Alamomi

Bayan kamar mako ɗaya zuwa biyu da cizon, sai zazzaɓi ya taso da matsanancin ciwon kai da ciwon jiki, wani lokaci da ƙuraje. A nau'in da kaska ke kawowa, gurbin cizon kan zama ɗan baƙin tabo kamar ƙunar taba sigari, tare da kaluluwa a kusa. Tabon ba ya zafi, kuma yakan ɓoye a hammata ko matsematsi, inda majinyaci kan ji nauyin nunawa, likita mai fama da dogon layi kuma ba ya dubawa.

Magani

Gwajin jinin da aka saba yi ba ya nuna cutar sai a mako na biyu, shi ya sa likitoci ke fara magani bisa alamomi da tarihin majinyaci, ba tare da jiran sakamako ba.

Maganin shi ne doxycycline, mai araha, kuma zazzaɓin kan sauka cikin kwana biyu ko uku. Magungunan dangin penisilin, irin su amoxicillin da ake yawan saye a kemis, ba sa yi mata komai. Nau'in kaskar shanu ba kasafai yake kisa ba, amma jinkiri a kan taifus na iya taɓa ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa.