Ƙuri'ar Watanda: Daga Tsinke Zuwa Kalkuleta

Watanda tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa: jama'a su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa naman daidai da yawan masu zubi. Da haƙar kuza ta tara mutane a Jos tun farkon ƙarni na 20, mahauta Hausawa na cikin waɗanda suka biyo leburori da fatake, suka kafa sana'ar fawa a garin. Mayankar Jos ce ta ba unguwar Abattoir sunanta. Har yau, idan Sallah ko Kirsimeti ta gabato, maƙwabta da abokan aiki sukan sayo sa daga kasuwar Kara ta Bukuru don watanda.

Komai gwanintar mahauci, kaso biyu ba sa zuwa daidai. Wani ya fi tsoka, wani kitse, wani kuma ƙashi ya yi masa yawa. Saboda haka ake raba gardama da ƙuri'a. A da, kowa yakan ba da alamarsa, tsinke ko tsakuwa, sai a kira yaron da bai san mai kowace alama ba, ya ɗora su kan kason nama ɗaya bayan ɗaya. Inda alamar mutum ta sauka, nan rabonsa yake. Malamai sun bambanta wannan da caca, domin kowa ya riga ya mallaki haƙƙinsa, babu mai tashi hannu rabbana. Alƙur'ani ma ya ambaci ƙuri'a a ƙissar renon Nana Maryamu da ta Annabi Yunusa.

Da boko ya yaɗu, sai lambobi a ƴan takardu da aka nannaɗe suka maye gurbin tsinke, a watanda da kuma wajen tsara kwasar adashi.

Masana ƙididdiga ma sun buƙaci zaɓen da babu son rai a cikinsa. A 1927 Tippett ya buga jadawalin lambobin kan-mai-uwa-da-wabi a Ingila, a 1955 kuma cibiyar RAND ta Amurka ta fitar da littafi mai lambobi miliyan ɗaya. Tun 1949 Lehmer ya kawo dabarar samar da su ta hanyar lissafi. Irin wannan dabara ce ta shiga cikin kalkuleta. Kamfanin Casio ya fito da kalkuleta mai zana jadawali ta farko a 1985, wata kalkuletar mai suna TI-83 ta biyo baya a 1996.

A kan TI-83, umarnin rand yana ba da lamba tsakanin 0 da 1. Idan masu watanda 12 ne, sai a ninka ta da 12, umarnin int ya yar da ɓurɓushin da ke bayan ɗigo, a ƙara 1, a sami lambar ƙuri'a daga 1 zuwa 12. Umarnin randInt yana yin haka kai tsaye. Lambar da ta maimaita sai a tsallake ta a sake latsawa.

Sai dai na'urar tana lissafo lambobin ne daga wata lambar tushe, shi ya sa sababbin kalkuleta biyu suke ba da jeri iri ɗaya idan ba a canza tushen ba. Ƙuri'a tana inganta ne kawai idan mai jefa ta bai san inda za ta faɗa ba, kuma an yi ta a gaban kowa.