Fifiko Da Rinjaye: Ina Bambancinsu?

Wani mai sauraronmu daga Jibiya ya aiko da takarda yana tambayar ma'anar "fifiko", da abin da ya raba shi da "rinjaye".

To malam, fifiko daga "fi" ya fito, wato ka ɗara tsararrakinka a daraja, ilmi ko ciniki. Shi kuwa rinjaye na ƙarfi ne, kamar yadda sikeli ke karkata inda nauyi yake.

Dubi tarihin ƙasar Hausa. A ƙarni na 18 Gobirawa ke da rinjayen yaƙi, har suka ci Birnin Zamfara, suka zauna Alƙalawa. Amma fifikon ciniki na Katsina ne, can ayarin Agadas ke sauke kaya. Da jihadin 1804 ya zo, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Sarakunan Katsina da aka kora suka kafa Maraɗi, suna kawo hari, hanya ta ɓaci, fatake suka karkata Kano. Ko da Bature Barth ya iso a 1851, kasuwar Kano ce a gaba.

Ka ga ke nan, takobi kan ba da rinjaye, amma fifikon kasuwa lafiyar hanya yake bi. Da fatan ka gamsu.